Kyamarorin Tsaron Gida Lokacin Tafiya: Hannu, Agogo, Waya ko Na'urar Sarrafawa, Wa Za a Bar wa Ragama?

Yawancin masu kyamarar tsaro sun saita ta ne a kan zirga-zirgar yau da kullum. Ƙarfe 8 na safe kowa ya fita, kyamarori su shiga yanayin "ba kowa a gida". Ƙarfe 5 na yamma su koma yanayin "muna gida": ta falo ta rufe ido, sanarwa ta yi shiru, jiniya ta kwanta. Tsarin ba shi da laifi sai ranar da aka kulle ƙofa aka tafi hutun mako biyu. Jadawalin bai san an yi tafiya ba. Biyar na yi zai sassauta tsaro kamar yadda ya saba, ya bar gidan a haka har gari ya waye, ranakun ƙarshen mako kuma wataƙila yini guda cur. Sa'o'in da gida ya fi buƙatar ido su ne waɗanda aka ware wa kyamarorin su huta.

Hanyoyi huɗu ake bi a toshe wannan ɓaraka, akwai kuma ta biyar ga masu akwatin naɗi, wato na'urar da ke tara bidiyon kyamarori a faifai a cikin gida. Kafin a auna su, sai an san me ake sauyawa.

Me ake nufi da yanayi, kuma wane irin jadawali gare ka

Yanayi ba komai ba ne illa ƙunshin umarni huɗu: wace kyamara ce za ta ji motsi, wacce za ta naɗa, wacce za ta turo sanarwa zuwa waya, wacce kuma za ta kaɗa jiniya. A manhajojin Ring da Eufy za ka ga an rubuta Home, Away da Disarmed. Sabuwar manhajar Arlo ta kira su Arm Home, Arm Away da Standby. Blink biyu kawai gare ta, a kunne ko a kashe. Sunan ba shi ne abin dubawa ba, abin da ke cikin ƙunshin ne. Sau da yawa za ka buɗe yanayin "ba kowa" ka tarar kyamarar da aka ƙara daga baya ba ta ciki sam, domin an saita yanayin tun kafin a sayo ta.

Shi kuma jadawali iri biyu ne, kuma a nan ake faɗawa rami. A wasu tsare-tsaren, irin na Eufy, jadawalin shi ma yanayi ne a jerin yanayoyi: idan ka zaɓi "ba kowa" da hannu, ka fita daga jadawalin ke nan, ba zai sake motsi ba sai ka mayar da shi. A wasu kuwa, irin na Blink, jadawalin kamar agogo mai ƙararrawa yake: lokacinsa na yi zai aiwatar da umarninsa, ba ruwansa da abin da ka danna da safe. Mai irin wannan na biyu yana iya danna "ba kowa" a bakin ƙofa, ya hau jirgi hankali kwance, da yamma agogo ya warware masa aiki.

Gane naka ba ya cin fiye da minti 10. Ƙara layi ɗaya a jadawali da zai koma "muna gida" nan da minti 5. Sa "ba kowa" da hannu. Jira. Idan ya sauya, naka mai ƙararrawa ne, dole a kashe shi gaba ɗaya kafin tafiya. Kada ka manta ka goge layin gwajin.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne wa ke da maganar ƙarshe idan umarni biyu suka ci karo. Na biyu, me ke faruwa idan wuta ko intanet ta ɗauke: tsarin yana riƙe yanayin da yake kai, ko yana farfaɗowa a wani daban? Waɗannan biyun sun fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, domin su ne ke lalacewa a ɓoye ba tare da an sanar da kai ba.

Sai kuɗi, na kayan aiki da na wata-wata. Sai sauƙin saitawa da sauƙin warwarewa bayan an dawo. Sai ɗorewa, wato ko batir da wurin ajiyar bidiyo za su kai ƙarshen tafiyar. Na ƙarshe shi ne mai shigowa da izini: wanda aka bar wa makulli ya riƙa ba shuke-shuke ruwa, ko ya ciyar da dabba, ko ya leƙa gidan kawai. Wannan mutum ɗaya yana iya sauya amsar baki ɗaya.

Hanya ta ɗaya: a kashe jadawali, a kulle a "ba kowa" da hannu

Matakan uku ne. Kashe jadawalin, kada ka goge shi, ka ɗauki hoton fuskar wayar yana nuna lokutan don ranar dawowa. Kashe bin wurin waya, wato saitin da ke sauya yanayi gwargwadon inda wayarka take, idan yana kunne. Sannan zaɓi "ba kowa", ka bi gaban kowace kyamara ka ga sanarwa ta shigo.

Ba ta cin ko sisi a yawancin tsare-tsare, amma ka duba naka: a 2023 Ring ta sanya amfani da yanayin Home da Away na kyamarori cikin abubuwan da ake biya wa kuɗin wata-wata a Amurka da Kanada. Ta fuskar cin karon umarni babu wadda ta kai ta tsafta, tunda umarni ɗaya ne tak. Ɗaukewar intanet ma ba ta dame ta sosai, saboda babu wani sauyi da ake jiran ya iso daga sabar kamfani, wato kwamfutar kamfanin da ke kan intanet. Agogon kyamara ko ya rikice, tsaro yana nan. Abin da zai ɓaci shi ne lokacin da ke rubuce a kan bidiyo.

Rauninta biyu ne. Ɗaya, ta dogara ga tunawarka a safiyar da aka fi ruɗewa, ana jan akwatuna ana neman fasfo. Maganin shi ne a yi saitin da daren jajibiri, a jure sanarwar dare ɗaya. Biyu, ba ta san mai izini ba. Duk shigowarsa sanarwa ce, idan kuma jiniya tana cikin ƙunshin, maƙwabta za su sha ƙara. A ganina jiniya mai kaɗawa da kanta a kan motsi kawai ba ta dace da doguwar tafiya ba: kyanwa ko reshen bishiya su tayar da ita ƙarfe 3 na dare, babu mai kashewa, bayan kwana uku kowa ya daina kula ta. Gara a bar ta a hannu, ka kaɗa ta daga waya bayan ka ga abin da ke faruwa da idonka.

Akwai kuma maganar batir. Kyamarar da ta saba aiki awa 9 a rana yanzu za ta yi 24. Ba tsayuwar ce ke cinye caji ba, yawan farkawa ne: duk motsin da ta ji sai ta tashi, ta haɗu da wayfai, ta naɗa, ta tura. Wadda ke kallon titi mai wucewar motoci tana iya ƙarewa a tsakiyar tafiya. Cika cajin kowacce kwana ɗaya kafin tafiya, rage ƙarfin jin motsi da mataki ɗaya, zana iyakar da za ta kula da ita ta yadda titi zai fita daga ciki, ka taƙaita tsawon kowane bidiyo zuwa daƙiƙa 20 ko 30. Sanyi mai tsanani ma yana rage ƙarfin batirin litiyam, don haka mai tafiya a lokacin hunturu ya ƙara yin ragi a lissafinsa.

Hanya ta biyu: jadawalin tafiya na musamman

Nan ana barin agogo a kan aiki, amma a ba shi sabon umarni: "ba kowa" dare da rana, sai ɗan gurbi na mai izini, misali Talata da Juma'a daga 4 zuwa 5 na yamma. A cikin gurbin ba "a kashe" ake sawa ba. Ana ƙirƙirar yanayi na uku, a kira shi "baƙo": kyamarorin waje suna naɗa suna turo sanarwa, na ciki suna rufe ido ko su naɗa shiru, jiniya a kashe. Ka ga ka san ya zo, ka san ya tafi, ba a kuma takura masa ba. Adalci ne a gaya masa inda kyamarori suke da abin da suke ɗauka, musamman idan suna ɗaukar murya, tunda dokokin wurare da yawa sun fi tsananta wa naɗar murya fiye da hoto.

Wahalar ita ce yawancin manhajojin kyamarorin gida jadawali ɗaya na mako suke ajiyewa, ba su san kwanan wata ba. Sai ka rushe na kullum ka gina na tafiya, ka dawo ka sake gina na kullum. Aikin minti 20 ne sau biyu, kuma a nan kurakurai ke shiga. Wanda ya fi yawa shi ne giɓin tsakar dare: wasu manhajoji ba sa yarda layi ɗaya ya tsallake 12 na dare, dole a raba shi biyu, ɗaya ya ƙare 23:59, ɗayan ya fara 00:00. Idan ka cike na Litinin ka manta safiyar Talata, ka bar ƙofa a buɗe na sa'o'i. Duba kuma me tsarin ke yi a gurbin da ba a cike ba. Wasu suna ɗaukarsa a matsayin "a kashe".

Akwatunan naɗi na NVR, irin na Hikvision da Dahua, sun fi dacewa da wannan hanya domin suna da sashen ranakun hutu. Kana sa ranar farawa da ranar ƙarewa, sai sabon layi na hutu ya bayyana a jadawalin naɗi, kuma a ranakun shi ke gaba da na mako. Tafiya na ƙarewa na kullum ya dawo da kansa. Tarkon da ke nan mai zafi ne: idan ka kunna ranakun hutu amma ka bar layin nasu fanko, akwatin zai bi fankon, wato ba zai naɗa komai ba tsawon tafiyar. Sannan jadawalin naɗi daban yake da na turo sanarwa, kuma kowace kyamara tana da nata. Cike ɗaya, yi amfani da maɓallin kwafi ka zuba wa sauran, sannan ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar.

Kuɗi babu ƙari. Haɗarin duka yana wuyan agogo. Na'urar da ta farfaɗo bayan ɗaukewar wuta tana neman lokaci daga intanet. Idan ta riga rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) tashi, tana iya zama na wani lokaci da agogon da ba daidai ba, ta buɗe gurbin baƙo a tsakiyar dare. Akwatin naɗi yana da ɗan batir irin na agogon hannu da ke riƙe masa lokaci, amma bayan 'yan shekaru yana mutuwa. A ƙasashen da ake matsar da agogo gaba ko baya da awa ɗaya sau biyu a shekara, tafiyar da ta ratsa ranar sauyin tana iya karkatar da gurbin da awa guda idan ba a kunna gyaran kai-tsaye ba. Kuma kada ka gyara jadawali daga wata ƙasa ba tare da ka tabbatar da agogon wa manhajar ke nuna maka ba, na gida ko na inda kake. Abin da ya rage shi ne ɗan Adam: mai izini da aka ce ya zo ƙarfe 4 zai zo ƙarfe 6 wata rana. Faɗaɗa gurbin kuma rage tsaro ne.

Hanya ta uku: bin wurin da waya take

Arlo, Eufy da Google Nest duk suna da wannan. Ana zana da'ira a kewayen gida a kan taswira, ta 'yan ɗaruruwan mita. Wayar ƙarshe na fita daga da'irar sai tsarin ya koma "ba kowa", ta farko na shigowa ya koma "muna gida". A takarda ita ce amsar da ta fi kyau, tunda ba ta buƙatar tunawa kuma ba ta damu da kwanan wata ba. A rayuwar kullum ma tana da daɗi.

Ga tafiya kuwa, amanar gidan duka ta rataya a kan saƙo guda ɗaya da waya za ta tura a daidai lokacin fita. Abubuwan da ke hana saƙon nan tafiya suna da yawa. Izinin sanin wuri dole ya kasance na koyaushe, ba na lokacin da manhaja ke buɗe kawai ba, kuma wayoyi sukan sauya shi bayan sabuntawa. Tsarin tattalin batir na wayoyin Android yana kashe manhajar da ke aiki a bayan fage. Wani ya kashe data tun daga gida don gudun cajin ƙasar waje. Mafi yawa kuma, an bar wata na'ura a gida: tsohuwar waya a durowa, ko kwamfutar hannu ta yara da aka taɓa sanyawa cikin jerin. Muddin tana cikin da'irar, a wurin tsarin akwai mutum a gida har ku dawo.

Akwai kishiyar matsalar. Ɗan gida da bai yi tafiyar ba, yana zaune wani wuri kusa, ya bi ta layin a mota; wayarsa ta ratsa da'irar, tsaro ya sauka. Yawanci zai koma idan ya fita, amma wannan ma wani saƙon ne da zai iya ɓata a hanya.

Ɗaukewar intanet a gida a lokacin fita tana iya sa umarnin bai isa ba, domin daga waya yake zuwa sabar kamfani, daga can ya gangaro gida. Mai izini fa? Sai an sa wayarsa cikin jerin, wato ya sauke manhaja ya yarda a riƙa sanin shigarsa da fitarsa; ba kowa zai so ba, kuma shigowarsa za ta sa gidan a cikakken "muna gida" maimakon yanayin baƙo. Kuɗi babu, ko kuma yana cikin na wata-wata. Amfaninta na gaske shi ne ranar dawowa, da kuma tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya nace sai ita, ya buɗe manhajar bayan ya yi nisan kilomita ɗaya ko biyu ya ga da idonsa cewa yanayin ya sauya, sannan ya kulle shi da hannu, wanda hakan komawa hanya ta ɗaya ne ta bayan gida.

Hanya ta huɗu: na'urar sarrafawa ta cikin gida

Wannan ƙaramar kwamfuta ce da ke zaune a gida tana ba kyamarori, fitilu da makullai umarni. Home Assistant ita ce fitacciya: manhajar kyauta ce, tana aiki a kan Raspberry Pi ko wata ƙaramar kwamfuta, kuma sashenta na ƙararrawar tsaro yana da yanayi na musamman na tafiya baya ga na gida, na fita da na dare. SmartThings da Apple Home suna yin wani ɓangare na aikin cikin sauƙi, da ƙarancin zaɓi.

Yadda ake gina ta: a ƙirƙiri maɓalli ɗaya mai suna "muna tafiya". A shiga kowace ƙa'ida ta kullum a ƙara mata sharaɗin cewa kada ta yi aiki idan maɓallin yana kunne. A haɗa maɓallin da kalanda, ta yadda ranar tafiya zai kunna kansa, ranar dawowa ya kashe. Jadawalin kullum yana nan ba a taɓa shi ba, an dai ɗaure masa hannu. Wannan ce kaɗai hanyar da kai ne ke rubuta wa ke da maganar ƙarshe.

Ita ce kuma ta fi iya karɓar mai izini. Idan ƙofar tana da makulli mai lambobi, a ba shi lambarsa. Yana dannawa gidan ya shiga yanayin baƙo na minti 45, ya koma "ba kowa" da kansa ko ya manta. Ya zo da 4, ya zo da 6, duk ɗaya. Ana iya ƙara ƙa'idar sintiri: duk awa ɗaya na'urar ta duba, idan maɓallin tafiya yana kunne amma yanayin ba "ba kowa" ba ne, ta gyara ta sanar da kai. Haka nan ta turo saƙo idan wata kyamara ta ɓace daga layi fiye da minti 10.

Farashin wannan iko shi ne kuɗin na'ura, ƙarshen mako ɗaya ko biyu na koyo, da sabon abin da zai iya lalacewa. Katin memori na Raspberry Pi yana gajiya da yawan rubutu, kuma bai san kana tafiya ba. Faifan SSD ya fi aminci. Leƙa ta daga nesa yana buƙatar VPN (killatacciyar hanyar shiga intanet ɗin gida daga waje) ko sabis na biya. Mafi muhimmanci, ba kowace kyamara ce ke jin maganarta kai tsaye ba. Masu ONVIF ko RTSP, wato ƙa'idojin sadarwa da kyamarorin kamfanoni daban-daban ke amfani da su, suna magana da ita a cikin gida ko babu intanet. Da yawa daga masu batir kuwa sai ta sabar kamfaninsu, kuma wannan haɗin yakan tsinke idan kamfanin ya sauya wani abu ko ya nemi a sake shigar da lambar tabbatarwa. Don haka ƙa'idar ita ce a tsara ta yadda mutuwar na'urar za ta bar kyamarori a "ba kowa": jadawalin cikin manhajar kyamarar a kashe yake, na'urar ce kaɗai ke sassautawa. Kuma ba a gina irin wannan ana saura kwana biyu tafiya. A ba ta mako biyu tana aiki kana gida, kada kuma a sabunta komai a makon tafiya.

Ta biyar, ga masu kyamarorin kebul da akwatin naɗi

Idan kyamarorinka na kebul ne, suna shan wuta daga akwatin naɗi, kana iya fita daga rigimar yanayi: a bar naɗi ba dare ba rana duk shekara, sanarwa kawai ake kunnawa da kashewa. Ko jadawalin sanarwa ya rikice, bidiyon yana nan. Tambayar ta koma ta wurin ajiya, kuma lissafinta a bayyane yake. Kyamara mai tura megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21.6 a rana, wato katin gigabait 128 ba zai cika kwana 6 ba. Kyamarori 4 masu megabit 4 kowacce suna cin kusan gigabait 173 a rana. Faifan terabait 2 zai cika cikin kusan kwana 11 da rabi, sabo ya fara hawa kan tsoho. Mai tafiyar mako biyu zai dawo ya tarar kwanakin farko sun goge. Ko a ƙara faifai, ko a koma H.265, tsarin matse bidiyo mai cin ƙaramin wuri, idan kyamarorin sun iya, ko a rage yawan hotuna a daƙiƙa zuwa 10 ko 12, wanda ya ishi gane fuska da motsi. A ɓoye akwatin kuma, domin ɓarawon da ya ɗauke shi ya tafi da shaidar.

| Hanya | Ƙarin kuɗi | Sauƙi | Idan intanet ta ɗauke | Mai izini | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kullewa da hannu | Babu, sai in yanayi na biya ne | Mafi sauƙi | Yanayi ba ya sauyawa | Ba ta san shi ba | Mantuwa, ƙarewar batir |
| Jadawalin tafiya | Babu | Matsakaici | Ya danganta da inda jadawalin ke ajiye | Sai a ƙayyadadden lokaci | Giɓi a jadawali, rikicewar agogo |
| Bin wurin waya | Babu ko na wata-wata | Sauƙi a fara | Umarni na iya ɓata | Sai da wayarsa | Na'urar da aka bari a gida |
| Na'urar sarrafawa | Kuɗin na'ura da lokaci | Mafi wuya | Tana aiki da kyamarorin da ke jin ta kai tsaye | Mafi dacewa | Mutuwar na'urar, tsinkewar haɗi |
| Naɗi koyaushe | Babban faifai | Sauƙi | Naɗi na ci gaba, sanarwa ta tsaya | Ba matsala | Cikar faifai, satar akwati |

Gurbin nan na "ya danganta" ana cike shi da gwaji: zare kebul ɗin intanet daga rauta, ka bar wayfai a kunne, ka jira lokacin sauyi ya wuce, ka mayar ka duba tarihin yanayi. Ka kuma kashe wutar komai na minti 5 ka ga a wane yanayi tsarin ya farka. Ƙaramin batirin ko-ta-kwana a kan rauta da tashar kyamarori yana rage wannan damuwa: mai wat-awa 40 zai riƙe rauta mai jan wat 10 kusan awa 4 a lissafi, ƙasa da haka a zahiri.

Abu ɗaya da ya shafi dukkan hanyoyin, kuma ake mantawa: shiga asusunka daga nesa. Idan lambar tabbatarwa ta saƙon tes take zuwa, kuma layinka ba ya aiki a ƙasar da za ka, manhajar na fitar da kai shi ke nan, kana kallon waya ba ka iya taɓa komai. Mayar da tabbatarwar zuwa manhajar samar da lamba ko imel kafin tafiya, ka kuma ƙara wani amintacce a matsayin mai amfani na biyu da nasa asusun, ba da lambar sirrinka ba.

Wacce ta dace da wa

Gidan da zai zauna babu mai shiga har a dawo: a kulle da hannu, a kashe jadawali da bin wurin waya duka biyun. Ƙara wata dabara a nan ƙara abin lalacewa ne kawai.

Gidan da wani zai riƙa leƙawa sau ɗaya ko biyu a mako, kyamarorin kuma na manhaja ne: har yanzu kullewa da hannu, amma a cire jiniya daga ƙunshin, a jure 'yan sanarwar zuwansa, tunda su ma labari ne mai amfani. Idan zuwan na kullum ne a tsayayyen lokaci, kamar mai ciyar da dabba safe da yamma, jadawalin tafiya mai yanayin baƙo ya cancanci wahalarsa.

Mai akwatin NVR: naɗi koyaushe, bayan an yi lissafin faifai da tsawon tafiyar, sannan ranakun hutu su kula da sanarwa.

Mai yawan gajerun tafiye-tafiye, shi kaɗai ko su biyu a gida, wayoyinsu kuma ba sa wasa da izinin wuri: bin wurin waya ya isa, tare da leƙa manhaja a hanya.

Mai tafiya sau da yawa a shekara, ga masu shigowa a lokuta mabambanta, ga makulli mai lambobi, kuma yana jin daɗin irin wannan aikin: na'urar sarrafawa. Idan kuwa wani ɗan gida ne zai zauna a ciki tsawon tafiyar, kada a sa "ba kowa" ko kaɗan. A gyara jadawalin kullum ya bi fitarsa da shigarsa shi, a cire wayoyin matafiyan daga jerin da'irar, a kuma mayar da sanarwar kyamarorin waje zuwa wayarsa, tunda shi ne zai iya leƙa taga ya ga ko wane ne a bakin ƙofa.